Ƙarin Ruwan Khaula

Ni malamar firamare ce a Gaya. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji huɗu, kuma abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne iya sauƙaƙa magana. Ka kawo mini abin da ya fi ƙarfin kan yaro, in juya shi in sake juyawa har ya zama lomar da zai iya haɗiyewa. Hedimasta kan turo sababbin malamai su zauna a bayan ajina su ga yadda ake yi, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Wannan baiwar tawa ce ta ci idon ƙanwata.

Khaula sunanta, uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme ta da shekara takwas. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, Bappa ƙanen mahaifinmu ya riƙe mu a Balan. Ni na bi boko har na ƙure shi. Ita kuwa tana aji uku ta ce baƙin allo na sa ta ciwon kai, ta ajiye jaka ta ɗauki allura ta kama ɗinkin hula. Ta auri Sagiru, manomin gyaɗa a wani ƙauye da ke bayan Ajingi, mutum mai haƙuri har ya ba ka haushi.

Idonta na hagu ne ya fara tafiya. Ciwo ya kama ta a bayan idon, in ta juya shi sai ta ji kamar ana jan wata jijiya, cikin mako guda ya rufe. Aka ɗiga magani, aka sha rubutu, aka yi turare, idon bai ko waiwayo ba. Ta haƙura ta ci gaba da zura zare a allura da na daman, har tana tsokanata wai ita da ido ɗaya ta fi ni gani da tabarau.

Bayan shekara guda sai ƙafafu. Ta ce tana jin kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya, daga nan zuwa ƙasa kuma kamar ba jikinta ba. Fitsari ya ƙi fita. A wannan karon ban tsaya jin shawarar kowa ba, na ɗauki hutu, na sa aka ɗauko ta a mota muka bi ta Wudil sai Kano, wani babban asibiti. Mun yi mako uku a can. An ɗebi jini, an ɗebi ruwan baya, an tura ta cikin wata na'ura mai ƙara. Ranar da sakamako ya fito, likitar da ke duba ta, Dakta Afra'u, ta kira ni ofis ni kaɗai, don ta lura ni ce mai jin Turanci.

"Malama Wasila, ciwon ƙanwarki ba daga waje ya shigo ba," in ji ta. "Garkuwar jikinta ce, wadda ya kamata ta kare ta, ta rikice ta koma tana cin jijiyoyin ido da na laka. Yakan lafa, mutum ya ɗauka ya warke, sai ya sake tasowa. Duk tasowa kuma sai ya tafi da wani abu."

Na ce, "To maganinsa fa, Dakta?"

Ta ce akwai wani magani, ta rubuta mini sunansa, rituksimab. Shi ma wani irin soja ne na garkuwar jiki, amma haɗa shi aka yi, aikinsa ɗaya: ya bi jini ya kakkaɓe ƙwayoyin da ke haifar da ɓarnar. Sai dai ƙwayoyin kan sake tsirowa, shi ya sa duk wata shida sai an maimaita. A cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba shi, ya shiga jiki a hankali. Ta ce wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin maganin ga mutane kaɗan, ta sa sunan Khaula a ciki.

Sannan ta cire tabarau ta dube ni. "Ki saurare ni da kyau. Idon hagu ya tafi, ba ni da abin da zai dawo da shi. Wannan maganin ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi. Ido ɗaya gare ta. Kada ku yi wasa da ranar da za a maimaita."

Na ce haba, ai da mai ilimi take magana.

An sa mata sau biyu, mako biyu tsakani. Daga ɗakin haɗa magani ake kawo ledar, fara tas kamar ruwan randa da ya kwanta, da 'yar takarda manne a jiki mai sunanta. Awa biyar ake yi ana ɗiga. Khaula ba ta iya zama shiru, sai ta kwantar da kai ta kafe ledar da idonta ɗaya tana ƙirga ɗigon.

"Adda, wannan abu ya fi Sagiru nawa," ta ce. "Ki ce wa nas ɗin ta buɗe masa baki mana, ina da hular mutane a gida."

Da muka koma, a Balan muka sauka. Bappa na zaune a zaure a kan buzu, Sagiru na gefe, da wasu dattawa biyu da suka zo yi mana sannu da zuwa. Bappa ya ce, "To Wasila, me likitocin suka gani?"

Na gyara zama irin na malamai na fara. "Bappa, sun ce garkuwar jikinta ce…"

Ban ƙarasa ba na ga fuskar Bappa ta sauya. Ɗaya daga cikin dattawan ya dubi ɗan'uwansa. Sagiru ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Nan take na gane. Duk wanda ke sauraron rediyo a ƙasar nan, in ya ji an ce garkuwar jiki, cuta ɗaya ce ke zuwa masa a rai, mai karya garkuwar jiki, ƙanjamau. Kafin la'asar zance zai zagaye Balan, kafin ranar kasuwa ya isa Ajingi, ba wanda zai sake cin ƙuli-ƙulin gidan Khaula. Ga shi kuma in na ci gaba sai na ce maganin ma rage garkuwar yake yi. Sai na yi abin da na iya. Na haɗiye bayanin Dakta Afra'u gaba ɗaya, na fito da loma ɗaya.

"Ciwon jijiya ne, Bappa. Maganinsa ƙarin ruwa. Duk wata shida za a riƙa yi mata ƙarin ruwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Bappa ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Dattawan suka shafa fatiha. Ni kuwa na tashi ina jin daɗin kaina, na rufe bakin gari da kalma biyu. Katin asibitin na jefa a jakata, tunda ni zan kai ta. Ita kanta Khaula ban zaunar da ita na yi mata bayani ba. Tana kwance ba ta da ƙarfi lokacin da aka yi maganar, kuma ko nas-nas ɗin can "ruwanki" suke ce masa.

Damina ta sauka, Khaula ta miƙe. Da sanda ta fara tafiya, daga baya ta jefar. Ta koma kan hulunanta, ta yi ƙiba, har ta zo Gaya a bayan babur ta iske ni da tsohon ciki tana dariyar yadda nake tafiya. Lissafina shi ne in kai ta Kano ranar da aka rubuta, in dawo in haihu bayan mako uku. Yarinyar da ke cikina ba ta san da wannan lissafin ba. Saura kwana biyu ranar ta cika jinina ya hau, aka kwantar da ni, aka yi mini tiyata aka ciro ta.

Washegari ina kwance, ko juyi ba na iyawa, na tuna. Na sa aka miƙo mini waya na kira Bappa.

"Bappa, gobe ne ranar Khaula. A kai ta a yi mata ƙarin ruwan nan, don Allah kada a bari ya wuce."

"Ki kwantar da hankalinki, ki ji da kanki. Ni da kaina zan kai ta."

Kuma ya kai ta. Bappa bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne yadda suka yi shawara a ranar. Lokacin cirar gyaɗa ne, Sagiru na da mutane a gona, ga hadari na haɗuwa kullum da yamma. Khaula kuma ba ta shiga mota ta yi nisa ba ta yi amai ba. Bappa ya ce to in dai ƙarin ruwa ne, me zai kai su Kano? Ga Badaru nan a Ajingi, tsohon ma'aikacin lafiya mai shagon magani, wanda rabin ƙauyukan nan shi ke yi musu ƙarin ruwa in zazzaɓi ya kayar da su. Suka je. Badaru ya tambaya ruwan me, Bappa ya ce na jijiya, kuma a sa mai kyau, kada a duba komai. Badaru ya rataya leda a ƙusa, ya zuba mata allurar ƙarin kuzari mai launin ɗorawa.

Da yamma na kira. "Bappa, an yi?"

"An yi. Har leda biyu."

"Alhamdu lillahi."

Ban ce a ina ba. Kalma biyu ce ita ma, ban faɗe ta ba. A makon nan wata baƙuwar lamba ta kira ni sau uku, sau biyu ina wankan jego, sau ɗaya ina fama da jaririya ta ƙi kama nono. Na ce masu tallan layi ne. Ranar suna gida ya cika, Khaula ta zo da hula 'yar mitsitsiya da ta ɗinka wa jaririyar don tsokana, tunda sunanta aka sa mata. Ta zauna a bakin gadona tana cewa, "Adda, wannan karon mai kala aka sa mini, kuma bai yi nawa irin na da ba." Na ji ta sarai. A daidai lokacin wata ta shigo tana tambayar inda aka ajiye kwanukan waina, na juya ina yi mata faɗa.

Wata huɗu aka yi lafiya. Ranar wata Talata, zafi ya fara, ina cikin aji ina koya wa yara rabawa, Sagiru ya kira ni. Sagiru bai taɓa kirana ba sai da sallah.

"Adda Wasila, idon nan nata ne. Tana cewa yana mata ciwo in ta juya shi."

Allin ya faɗi daga hannuna. "Tun yaushe?"

"Yau kwana shida. Mun ɗauka ciwon ido ne na zafi, ana ta ɗiga mata magani. To jiya ta ce kamar hayaƙi take gani. Yau kuma…"

Ban san yadda na isa ƙauyen ba. Na iske ta zaune a ƙofar ɗaki, fuskarta na kallon rana tsaye, ba ta ko ƙiftawa. Hular da take ɗinki na kan cinyarta da allura soke a jiki. Ta ji takuna ta ce, "Adda ce? Na san tafiyarki, kamar mai zuwa dukan yara."

Muka biya Balan muka ɗauki Bappa, muka kama hanyar Kano da jaririyata a baya, ina ta faɗa. Na zagi maganin, na zagi asibitin, na ce sun yi mana alkawarin banza, an bi duk abin da suka ce ga abin da ya biyo baya. Bappa yana ta jan carbi.

Dakta Afra'u ta buɗe fayil, ta ɗago ta dube ni, ba fara'a. "Malama Wasila, ina kuka shiga? Mun ajiye maganinta a firji mako uku. An kira lambarki ba a ɗauka ba. Daga ƙarshe muka ba wata."

"Dakta, ai an yi mata. Ranar da kuka rubuta aka yi mata."

"A ina?"

Na juya na dubi Bappa. Sai a lokacin na yi tambayar da ta kamata in yi wata huɗu da suka wuce.

Bappa ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro wani abu naɗe cikin ƙyalle. Ya warware a hankali ya ɗora a kan teburin likita. Ledoji biyu ne na ƙarin ruwa, babu komai ciki, an ninke su da kyau, da ɗan sauran rawaya a kusurwa. Ya adana su tun ranar, ya ce ko za a tambaya.

"Ga su nan, likita. A Ajingi aka yi, wajen Badaru. Mai kyau na ce ya sa."

Dakta Afra'u ta ɗauki ɗaya ta karanta jikinta. Ta ajiye. Ta rufe ido da tafin hannu.

Ni kuwa na tashi tsaye. Wallahi na manta a ofis nake, na manta wanda ya riƙe ni ne. "Bappa, Badaru? Badaru mai shago? Ruwan gishiri kuka sa mata! Wa ya ce muku wannan ne? Sai na ga bayan shagon nan, sai na kai shi hukuma!"

Bappa ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi so. Tambaya yake yi tsakani da Allah, irin ta ɗalibin da ya bi abin da aka koya masa ya ga an sa masa jan biro.

"Wasila, ba ƙarin ruwa kika ce ba?"

Na koma na zauna.

An kwantar da Khaula, aka yi kwana biyar ana ba ta wasu allurai masu ƙarfi ko kumburin jijiyar zai sauka. Kullum da safe Dakta Afra'u ta zo da 'yar tocila ta haska mata ido. "Kina ganin haske?" Rana ta farko Khaula ta ce kamar-kamar. Na riƙe wannan kamar-kamar ɗin na yini da shi, na kira kowa na gaya masa. Rana ta uku ta ce a'a. Rana ta biyar likitar ba ta tambaya ba, ta haska kawai ta kashe tocilar.

A baranda na tare ta. Na ce a sake sa mata maganin yanzu, a ninka, a sa leda goma. Na ce ko akwai wani asibiti, ko wata ƙasa. Na roƙe ta kamar ita ke riƙe da idon a aljihu. Ta bari na gama.

"Wani lokaci ɗan gani kan dawo cikin watanni, ba zan ce ba ya faruwa ba. Amma yadda na ga jijiyar nan, kada ki sa rai. Da kun zo a kwana na farko ko na biyu, da wataƙila." Ta dafa kafaɗata. "Za mu nemo mata maganin. Har yanzu tana da ƙafafu, tana da hannuwa. Su za mu tsare."

Na koma ɗakin na zauna kusa da Khaula, na gaya mata komai, tun daga zauren Bappa. Wannan karon ban sauƙaƙa ba. Na faɗi garkuwar jiki, na faɗi sunan maganin, na faɗi kiran da ban ɗauka ba da maganarta ta ranar suna. So nake ta zage ni. Ta shiga shafa bakin zanen gado da yatsa kamar mai neman inda ɗinki ya tsaya.

"Da kin gaya mini ni kaɗai, Adda," ta ce. "Ai da na gane. Aji uku na yi, ba jaka ba ce ni."

Ban ce ta yafe mini ba, don na san za ta yafe, kuma ban ga abin da yafewar za ta gyara ba.

Sai da aka yi kwana goma sha biyu kafin maganin ya samu. Da hantsi nas ta shigo da ledar, ta rataya, ta duba takardar da ke jiki ta kira sunan Khaula, ta soka mata a hannu. Bappa, wanda tun ranar ofis bai cika magana ba, ya taso ya tsaya a gaban ledar. Ya daɗe yana kallonta, ya leƙa ta gefe, ya leƙa ta ƙasa.

"Wasila," ya ce a hankali, "nuna mini inda maganin yake a ciki. Don in gane shi gaba."

Na taso na tsaya kusa da shi. Na duba da tabarau, na cire na duba. Ruwa ne fari a cikin leda. Shekara goma sha ɗaya ina nuna wa yara abu a allo, na rasa inda zan ɗora yatsa.

"Ba a ganinsa, Bappa."

Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna.

Khaula ta kwantar da kai a filo, ta juya fuskarta wajen da take zaton ledar take. Ta ɗan kauce, bango take kallo.

"Adda, yana ɗiga?"

"Yana ɗiga."

"To ƙirga mini."

Na jawo kujera na zauna, na fara daga ɗaya.